Alwalar Baba da Jiƙon Bagaruwa

Tun kafin a haife ni mahaifina yake jan salla a masallacin unguwarmu, can bayan Hubbare a Sakkwato, inda lunguna suke matsewa har mai babur sai ya riƙa ja da ƙafa. Ƙaramin masallaci ne na salloli biyar, ba na Juma'a ba, bangonsa ɗaya da zauren gidanmu. Kakana ne ya fara limancinsa, da ya rasu Baba ya gaje shi. Ni ne babban ɗansa namiji, ni kuwa boko na yi, aikin ofis nake yi, ina zaune a unguwar Gidan Dare da iyalina. Na yi karatun gida daidai abin da zai ishe ni salla da azumi, amma ban taɓa sha'awar tsayawa gaban sahu ba, Baba kuma ya daɗe da cire rai a kaina. Ƙannena ma babu wanda ya ɗauko hanyar. Na'ibinsa wani matashin malami ne mai hankali da ya zo unguwar zaman haya. Saboda haka Baba ya sani, mu ma mun sani, ranar da ya sauka daga kan buzun nan, limanci ya bar gidanmu ke nan.

Gajerun surori na fara lura da su. Baba mutum ne mai jan karatu. Muna yara in ya kama sura a magariba, tuwo sai ya huce kafin a sallame, samarin unguwa har zillewa suke yi zuwa masallacin bakin titi. Sai ga shi wata bazara na biyo gaida iyayena bayan na tashi daga aiki, na bi shi magariba, ya karanta ƙananan surorin da ake fara koya wa yara, ya yi ruku'u kamar ana korarsa. Yana sallamewa bai tsaya addu'a ba, ya ratsa sahu ya shige gida. Na ji wani a bayana yana dariya ƙasa-ƙasa, yana cewa Liman ya fara tausayin talakawa.

Na sami Inna, mahaifiyata, a tsakar gida tana tankaɗe. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara magana, idonta na kan rariya.

"Kai dai ka duba Malam. Buta ba ta hutawa gidanga."

"Mi ka damunai, Inna?"

"Ciki na. Ba shi hwaɗi, ka san halinai. Amma ni ka wanke tuhwahinai, na ga abin da nig gani. Hal da jini."

Sai da na yi da gaske kafin ya yarda ya shiga motata. A wani ƙaramin asibiti aka ce atuni ne, aka ba shi ƙwayoyi, abin ya lafa kaɗan ya dawo. Muka koma, aka canza wasu, ya sake dawowa da ƙarfinsa: murɗar ciki, gudawa mai majina da jini, da jin kamar bai gama ba ko yanzu ya fito daga makewayi. A babban asibiti ne wani likita ya zauna ya saurare mu, ya ce yana zargin babban hanji ne ya kumbura har ya yi gyambo a ciki. Ya ce ciwo ne da ake lallaɓawa, ba a yi masa gaggawa, kuma kada a kuskura a sha abin da zai tsayar da gudawar da ƙarfi. Amma kafin ya tabbatar, sai an zura wata na'ura ta ƙasa an leƙa hanjin. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya, ya sa masa albarka. Sai da muka shiga mota ya yi magana.

"Yaron da bai kai ka ba, shi za ya duba ni inda ko uwata ba ta duba ba tun da niy yi wayo? Mai da ni gida."

Na yi faɗa a motar nan, faɗan da ban taɓa yi masa ba. Na ce kunya ba ta warkar da hanji, na ce malaman da suka fi shi ma suna kwanciya a gaban likita. Ya bar ni na gama, ya ce in kula da hanya.

Na ɗauki lokaci kafin na gane cewa kunyar likita ƙarama ce a cikin abin da ke damunsa. Baba yana karantar da manya a zaure bayan la'asar, kuma da kunnena na sha jin shi yana bayanin babin mutumin da alwala ba ta zama a jikinsa saboda larura. Irin wannan mutum an yi masa rangwame, sallarsa ta yi, amma ba a so ya ja masu lafiya salla in akwai wani. Baba yakan nanata wannan, har ya ɗaga yatsa. To yanzu ga babin ya zo kansa. In likita ya sa wa ciwon suna, ya ce mai daɗewa ne, shi ke nan, da bakinsa zai ce wa na'ibi ya wuce gaba. Amma muddin zai iya riƙe alwala daga kabbarar farko zuwa sallama, a lissafinsa bai shiga babin ba. Daga nan rayuwarsa gaba ɗaya ta koma yaƙin riƙe alwala na tsawon raka'a huɗu.

A wannan yaƙin yana da abokin tafiya guda, ladanin masallacin, wani dattijo mai sayar da goro da suka taso tare tun suna ɗaukar allo. Ladan zai kira salla, mutane su taru, su yi nafila, su zauna. Shi kuwa ba ya zama, yana tsaye a ƙofar da ke kallon zaurenmu. Baba yana ciki, zai shiga makewayi ya fito, ya sake shiga, ya fito, sai ya ji cikin ya ɗan yi shiru sannan ya yi alwala da sauri. Ladan na hango farar rigarsa zai tada iƙama, kafin Baba ya taka buzu an riga an daidaita sahu. Wani lokaci a yi ta jira har mutane su fara duba agogo, wani lokaci kuma a tayar wasu ba su gama wanke ƙafa ba. Ba wanda ya tambayi dalili.

Sai kuma ya daina cin abinci da rana. Ya fara da Litinin da Alhamis, ya ƙara da ranakun tsakiyar wata, daga baya ya zama kullum azumi yake yi. Dabara ce mai sauƙi: cikin da ba komai ba ya yawan tashi. Unguwa ta ɗauka, ana cewa Liman ya yi nisa, duniya ta fita daga ransa. Wata tsohuwa har jikanta ta kawo ya tofa masa albarka, wai bakin mai yawan azumi. Ina kallon wuyansa yana zama kamar na zakaran da aka fige, rawaninsa yana yi masa yawa, mutane kuma suna cewa hasken ibada ne. Ban taɓa jin haushin yabo kamar a lokacin ba.

Inna ce ta aika ƙauyen Dundaye aka gaya wa Goggo, yayar Baba, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun tana yarinya aka kai ta aure can gidan manoma, ta tsufa a cikin gero da albasa, kuma duk dangi ita ake nema in ciki ya ɓaci. Ba ni da bakin raina maganinta, da shi muka girma. Kumburin ciki, ƙwarnafi, zawon haƙori, duk da jiƙonta aka raine mu, kuma muna tashi garau. Ta iso a bayan babur da ƙullin tsumma a cinya, ta shiga ɗakin Baba ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haka kab bari kal lalace? Su likitocin mi sunka yi ma?"

"Sun yi ƙoƙarinsu, Yaya."

"Sun yi surutunsu dai."

Ta baje kayanta a kan faifai. Busasshen ganyen sabara, wanda ta ce a daka a riƙa zuba masa a fura. Sassaƙen hano, a jiƙa a sabuwar ƙwarya ya kwana. Sai 'ya'yan bagaruwa, ba su fi cikin tafin hannu ba, ta ɓalla kaɗan ta jefa cikin jiƙon, ta ɗaure sauran. Ta hana shi yaji da tsami da kanwa, ta sa aka dama masa kunun gero mai ruwa-ruwa, ta tsaya a kansa sai da ya karya azumin ranar. Gaskiya kuma ita ce, ya ji daɗin maganin. Murɗar ta ragu, ya sami barci, har ya nemi a ƙara masa fura. Gudawar ce dai ba ta tsaya ba, ta ragu kawai.

Ina zaune a bakin ƙofa ranar da za ta koma, na ji yana tambayarta, cikin muryar nan tasa ta mai neman ilimi, wanne ne a cikin ukun yake tsayar da fita.

"Bagaruwa ta ka ɗaurewa," in ji Goggo, tana gyara lulluɓi. "Ba ka ga majema da ita su ka jeme hwata ba? Sauran na sanyaya ciki na."

Ta faɗa ne kamar yadda za ta gaya maka wace gona ce ta fi ba da wake. Shi kuwa abin da ya ji daban. Duk wanda ya taso a Sakkwato ya san aikin bagaruwa a majema, ya ga yadda ɗanyar fatar akuya mai santsi take shiga ruwan nan ta fito ta kame, ta daina ruɓewa. Baba ya ɗauki wannan ya auna da hanjinsa. Bayan tafiyarta ya tura Ladan wajen majema ya auno masa tiya guda, wato cikin kwanon awo, ba ɗan ɓallin da Goggo take jefawa ba. Suka sami wani tulu suka ajiye bayan buhunan littattafai a zaure, inda Inna ba ta shiga. Ladan kuma, don ya ƙara nasa taimakon, ya biya kemis ya sayo ƙananan ƙwayoyin nan na tsayar da gudawa, suka riƙa murmushewa a ciki. Baba ya koma azuminsa, yana shan kofi guda in ya sha ruwa, kofi guda da sahur. Duk wannan daga baya na sani. Da na ga tulun, ruwan ciki baƙi ne kamar shayin da aka manta a kan wuta, na ɗanɗana da yatsa, harshena ya kame.

Gudawar ta tsaya cak. Inna ta soya waina ta raba wa maƙwabta sadaka. Goggo ta aiko daga Dundaye a tambaye ni ko har yanzu ina nan a kan maganar na'urar likita. Ni ma na yi murna, don me zan ɓoye, na daina ɗaga maganar asibiti. Ranar wata Juma'a da magariba Baba ya kama doguwar sura, ya ja ta yadda ya saba, muryarsa ta yi rauni amma ba ta karye ba. Da ya sallame ya juyo ya fuskanci jama'a ya yi doguwar addu'a, fuskarsa kamar ta ango. Samari suka ce hutu ya ƙare.

Abin da ba mu sani ba, ba gudawa kaɗai ta tsaya ba, komai ne ya tsaya. Ko iska ba ta fita. Shi kuwa wannan ne ma ya fi faranta masa rai. Ya riƙa yin alwala ɗaya da azahar, ya kai ta har lisha, yana zaune a masallaci tsakanin salloli yana lazimi, abin da ya daɗe bai samu ba. Cikinsa ya fara tasowa, babbar riga ta rufe. Zazzaɓi ya shigo, aka ce zafin gari ne, ai kowa ma jikinsa zafi yake a bazarar Sakkwato. Inna ta ce ya daina iya kwanciya sai a jingine, in ta yi magana ya ce mata sauƙi ne yake shigowa, ciwo in zai fita sai ya yi ban kwana.

Ranar wata Asabar na zo da yarana su gaida kakanninsu, na shiga la'asar a sahu na uku. Tun a ruku'un farko na ga bai sunkuya sosai ba, ya dafa gwiwa ne kawai ya ɗan rusuna. A raka'a ta biyu ya yi sujada, muka bi shi. Muka yi tasbihi, muka ƙara, muka sake ƙarawa. Ina jin fankar sama tana juyawa, ina jin numfashin na kusa da ni, ba kabbara. Wani ya ce subhanallahi, goshinsa a ƙasa. Can sai na ji muryar na'ibi ta yi kabbara, jama'a suka ɗago da ita. Na ɗaga kai na hango Baba kwance a gefe guda a kan buzu, gwiwoyinsa a naɗe, na'ibi ya matsa kusa da shi yana ci gaba da jan salla kamar yadda hukunci ya ce. Na yanke tawa, na tsallake mutane suna zaune, na isa wurinsa. Da na sa hannu ƙarƙashin rigar don in ɗaga shi, na taɓa cikin, ya yi tauri kamar bayan ƙwarya, ga zafi. Ni da Ladan muka fitar da shi ta gefen sahu ana sujada ta biyu.

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗauki hoton cikin. Likitan nan da ya yi maganar na'ura shi muka sake samu, kuma bai ce mana ai na gaya muku ba, na gode masa da wannan har yau. Ya tambayi abin da aka sha, Ladan ya sunkuyar da kai ya faɗa. Likita ya ce ciwon bai taɓa warkewa ba, hanjin ne ya daina motsi, ƙazanta da iska suka taru a cikinsa, ya kumbura har ya fara hujewa. Dole a yi tiyata yanzu a yanke ɓangaren da ya lalace. Kuma ba za a iya haɗa sauran ba, sai dai a fito da bakin hanjin ta gefen ciki, a manna leda, bayan gida ya riƙa zuba a ciki. Mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa.

Baba yana jin komai. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, amma hankalinsa na nan. Ya yafito likitan da yatsa.

"Ita ledag ga, mutum na iya tsai da ita?"

"A'a, Baba. Da kanta take zuba, ba a riƙewa."

"Ko ana cikin salla?"

"Ko ana cikin salla. Amma wannan sai a tambayi malamai, na san akwai sauƙi a addini."

"Ni na malamin," in ji Baba. Ya juyo da kansa wajena. "Ku mai da ni gida."

Na roƙe shi. Na durƙusa a gaban gadon nan, ni da nake da 'ya'ya, ina kuka ina roƙonsa. Inna ta yi magana daga bayan labule, ya ce mata ta yi haƙuri. Likita ya ce in an koma gida ba za a daɗe ba, kuma ba zai yanka mutum mai hankalinsa ba tare da yardarsa ba. Baba ya rufe ido ya kama salati. Na san wannan rufe idon, ya gama magana ke nan. Mutumin nan ya zaɓi ya mutu yana liman, ya bar mu, da ya rayu a sahun baya. Ina son sa, amma a wannan lokacin ji na yi kamar in kama kafaɗunsa in girgiza.

Ƙanena ne ya ɗauko Goggo daga Dundaye. Ta shigo da ƙafafunta duk ƙurar gona, an riga an gaya mata komai a hanya, har maganar tulu. Ta tsaya a kansa, ba ta zauna ba. Ta kira shi da sunan da ake kiransa yana yaro, sunan da ban taɓa jin wani ya furta ba, ya buɗe ido.

"Ni nib ba ka bagaruwa da hannuna. Ko ɓalli nib ba ka, ko tiya kash sha, duniya cewa za ta yi ni nik kashe ka. Ba ka barina da wanga kaya. Bayana kag girma, kashinka na wanke ya hi a ƙirga, ban ga wani limanci ba sa'annan. Ka bari su yi aikinsu."

"Yaya, ki bari in..."

"Ban bari ba. Uwarmu ba ta nan, ni ta makwahinta. Na ce ka bari."

Baba mutum ne da ya yi shekaru yana gaya wa mutane haƙƙin na gaba a kansu, ba shi da ƙofar fita. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa zuwa kunne, ya ɗaga hannu ya sake shi a kan gado, alamar ya yarda. Da wannan aka tura shi ɗakin tiyata. Goggo ta fita waje ta zauna a ƙasa jikin bango, ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa.

Ya rayu. Ya daɗe a asibiti, ciwon ya yi ruwa, aka sake ɗinkewa, daga baya aka sallame mu da kwalin ledoji da dogon bayani. Inna ta koyi canzawa da wankewa, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ɗakinsa ya koma ƙamshin turaren wuta dare da rana, har ya yi yawa, don shi kullum gani yake ana jin wari ko babu. Ya daina karatun zaure. Masu dubiya in sun zo, daga bakin ƙofa yake amsa musu. Goggo takan zo ta kawo masa garin sabara don fura, likita ma ya ce ba laifi kaɗan-kaɗan, Baba yakan gaishe ta da ladabi, ya tambayi gona, amma tsokanar da ke tsakaninsu ta mutu. Sau biyar a rana muryar na'ibi tana shigowa ta bango, shi kuma yana salla a zaune a ɗaki shi kaɗai.

Da na sami kaina, na je na sami Ladan a teburin goronsa, da niyyar in wanke shi tas. Na ce shi da ya kamata ya zo ya gaya mini, shi ne mai auno bagaruwa da murmushe ƙwaya. Ya bar ni na zazzage, yana yayyafa wa goro ruwa.

"Ɗana, Liman ya ce in yi, in ce mai a'a? Kuma kai kana ganin ni ɗai nis sani? Duk wanda ka salla masallacinga ya sani. Tun randa yaf fara gajarta karatu munka gane. Mutum na ɓoye abu irin wanga ga mutanen da ka tsayi bayanai sau biyat? Sutura munka yi mai."

Wannan maganar ta fi tulun ƙona mini rai. Ashe masu dariyar gajerun surori sun sani. Masu cewa hasken ibada ne sun sani. Dattawan da suke zaune suna duba agogo ba sa tambaya, duk sun sani. Unguwa guda ta haɗu ta rufa wa mutum asiri, kowa yana ganin alheri yake yi, suna kallo yana narkewa a gabansu. Da mutum ɗaya cikinsu ya yi rashin kunya ya ce, Liman, ka huta, na'ibi ya riƙe maka har ka warke, wataƙila da hanjinsa na cikinsa. Na rasa wanda zan kama da faɗa, don babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Bayan damina ta wuce, wata rana da yamma ina gidan, na ga Baba ya sa an fito masa da farar riga da rawani. Ya sa Inna ta canza ledar, ya ɗaura wani ƙyalle a kai ya tamke, ya shafa turare har a gemu. Da Ladan ya kira magariba, Baba ya ce in riƙe masa hannu. Muka fito ta zaure a hankali.

Muna shiga, masallacin ya yi tsit, sannan mutane suka fara miƙewa. Sahu ya tsage biyu, hanya ta buɗe tun daga ƙofa har gaba. Na'ibi, wanda ya riga ya tsaya a kan buzu, ya ja da baya ya koma cikin sahun farko, ya miƙa hannu yana nuna wurin. Na ji hannun Baba ya matse nawa. Ya kalli hanyar nan har ƙarshenta. Sannan ya saki hannuna, ya matsa gefe, ya tsaya a ƙarshen sahun baya, dab da inda ake tuɓe takalma, inda iska ke shigowa.

"Malam, bisimilla," in ji na'ibi.

"Ku tada salla," in ji Baba.

Ba wanda ya motsa. Can sai Ladan ya tada iƙama. Na tsaya kusa da Baba, kafaɗata na taɓa tasa, sai na ji ya ɗan ja jikinsa ya bar tazara tsakaninmu. Na matsa, ya sake ja, har ya kai bango.

Na'ibi ya kama karatu, kuma don girmamawa ya ɗauko doguwar sura irin wadda Baba yake so. Ko tsoro ne ya kama shi, ko nauyin wanda ke bayansa, a tsakiya ya sarƙe. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wuri guda. A irin wannan, wanda ya sani a cikin mamu shi yake ɗaga murya ya tuna wa liman. Masallaci ya yi shiru, kuma na san kowa kunnensa na bayan sahu, wajen takalma. Ina jin Baba yana karanta ayar a ƙasan numfashinsa, daidai, da maddinta da komai. Ya ja iska kamar zai ɗaga murya. A daidai nan cikinsa ya yi ƙara a ƙarƙashin riga, 'yar ƙaramar ƙara, wadda ni kaɗai na ji. Ya dafe wurin da tafin hannu, ya rufe bakinsa.

Wani ɗan kasuwa a sahu na biyu ne ya tuna wa na'ibi ayar, aka yi ruku'u.